Garmahon Baba

Ranar rabon gado a gidanmu na Minanata, aka ciro garmahon Baba daga cikin adaka, His Master's Voice mai hoton kare. Sifirinsa ya tsinke, faifai ba ya juyawa. Dole a yi masa kuɗi kafin a raba.

Dillali ya taya dubu biyar. Ya ce, "Malam, mataccen kaya kuɗin mai rai ake dubawa, a cire na gyara. Wannan sifirin kuwa sai an yo odarsa."

Yaya ya ce a sallama. Ni kuwa na tuno Baba yana ɗora ni bisa cinya in juya hannun. Na ce a sa shi cikin rabona a dubu goma.

Har yau ina neman mai gyara.