Wainar ƙwai: duniya na yi wa yara, mu muna yi wa manya

Yau maganar ƙwai za mu yi.

Duk motar da ta taso daga Yamai za ta Maraɗi ko Damagaram, da wuya ta wuce Konni ba ta tsaya ba. Kuma abin da fasinja ke fara nema bayan salla shi ne teburin mai shayi. Mun san yadda ake yi: a fasa ƙwai biyu ko uku cikin kofin roba, a yanka albasa, a sa tonka da ɗan magi, a kaɗa da cokali mai yatsu, a juye cikin mai mai zafi. Kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai an tsaga dogon burodi an tura ta ciki. Haka take a Tsarnawa, haka take a Malbaza bakin kamfanin siminti, haka take a tashar Illela.

Ba mu kaɗai ke soya ƙwai ba. Faransawa, da suka bar mana dogon burodin nan, da man shanu suke yin tasu, kuma ba su barin ta ta soyu sosai, cikinta na nan ruwa-ruwa. In ka miƙa wa direban tirela irin wannan, sai ya maido maka ya ce ba ta nuna ba. Mutanen Japan siririya suke zubawa, su naɗe, su sake zubawa su naɗe kamar tabarma, har da ɗan sukari. A Iran ganye ne ya fi ƙwan yawa, wainar ta fito kore shar. Su kuwa Sifaniyawa da dankali suke haɗawa, ta yi kauri a yanka kamar alkaki, kuma wai har gardama suke a kan ko a sa albasa ko kar a sa. To wannan gardamar dai ba a Galmi ba. Garin da sunansa ke bin buhun albasa har Abijan da Akara, wa zai tsaya tambaya?

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu ba kayan haɗin ba ne. Wa ke ci? A Japan uwa ke naɗe wainar ta sa wa yaro cikin kwanon da zai tafi da shi lakwal. A Sifaniya abincin gida ce, ana yanka wa kowa. Mu nan fa? Ku duba bencin mai shayi da dare: direbobi, 'yan kabu-kabu, 'yan canji, ma'aikata, samari. Maza zalla. Yaron da ka gani wurin, ko aike ne, ko almajiri ne yana jiran a rage.

A gida kuma, da damina zabi na zuba ƙwai a ƙauyukanmu, ƙwan da kowa ya san ya fi na kajin gona daɗi. Ina yake zuwa? A dafa a ɗora wa yarinya bisa tire ta kai bakin hanya, ko a tara a kai kasuwa. Ita mai tallan sau nawa take ɓare ɗaya ta ci? Ba mu ga laifin uwar ba, kuɗin nan su ne gishiri da sabulu. Sai dai har yanzu akwai gidajen da ake cewa yaro in ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama, wasu ma har mai ciki suke hanawa. Likitoci kuwa cewa suke daga wata 6 ana iya fara ba jariri dafaffen ƙwai tare da nono, don yana cikin abubuwan da suka fi gina jiki, kuma ya fi nama sauƙin samu.

Wani maƙwabcinmu mai shayi ya ce akwai magidanta biyu da in sun zo sukan ce a soya huɗu, a raba biyu, a ƙunshe rabi a leda. Ya ce da farko ya ɗauka na amarya ne. Ashe na ɗiya ne, kuma har sukan ce masa kar ya sa tonka a wancan rabin.