Neman Gida a Gefen Yamai

Shekara 11 muna zaman haya a Yamai, abin da muka tara kuwa ko ɗaki ɗaya ba zai saya ba a tsakiyar gari. Dole sai gefe.

Dillalai sun fi son zagayawa da mutum da rani. Ni na ce sai watan Agusta, lokacin da ƙasa ba ta ɓoye halinta. A Saga da Kirkisoye farashi da sauƙi, amma wasu bangayen har yanzu suna ɗauke da shatin ambaliyar 2020. Wani shatin ya kawo mini ƙirji. Maiɗakina kallo ɗaya ta yi masa ta koma mota.

Koira Tegi tudu ce, kogi ba ya kai mata. Sai dai layin da aka nuna mana famfo bai iso ba, sai ƴan garuwa, lakkol kuma da nisa ga yarinya ƴar shekara shida. Na koma da sassafe ni kaɗai, na tsaya jiran faba-faba. Minti arba'in.

Duk da haka nan hankalina ya fi kwanciya. Na ce wa dillali ya kawo takardar filin in kai ofishin magajin gari a duba kafin mu yi maganar kuɗi. Sati uku ke nan yana ce mini gobe.