Godiya ga Gwaggona ta Bunkure

 Gwaggo, na san halinki, za ki ce "me na yi?" To, yaba kyauta tukwici, ki bar ni in faɗi.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, nama ya zama baƙo a gidanmu, ƙwai ma sai an yi shawara. Ga yara na tafiya makaranta kowa da kuɗin tara, ga babansu yana wuni a gona da 'yan ƙwadago, shi ma sai ya sayi na rana. Ke ce kika leƙa madafina kika ce bai kamata mutumin Kadawa, da ruwan Tiga ke bi ta bayan gidansa rani da damina, ya riƙa sayen abinci a bakin titi ba. Gaskiyarki. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daga Kura zuwa Garun Malam har garinku ba a rasa shinkafa da alkama, balle tumatir da albasa.

Girki kam kowace mace ta iya. Abin da kika koya mini shi ne yadda abinci zai bar gida da sassafe ya kai azahar bai yi tsami ba. Garau-garau a zuba a kula da zafinsa, mai a 'yar kwalba, yaji a ƙulle daban. Tumatir kuwa kada wuƙa ta taɓa shi sai za a ci, domin da an yanka an rufe, zafin rana zai sa ya saki ruwa ya ɓata shinkafar. Zogale a dafa, a matse shi har hannu ya gaji, a daka ƙuli-ƙuli a sa a wata roba, kowa ya kwaɗa abinsa in yunwa ta zo. Babansu da ya fara da tsaki, yanzu ranar da babu kwaɗo sai ya tambaya ko lafiya.

Amma awara ce ta fi ceto na. Ina kallon ki kin jiƙa waken suya da dare, da safe aka markaɗo, kika tace, kika tafasa, kina zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan har ta dunƙule ta taso, sannan kika naɗe ta a ƙyalle kika danne da dutse. Da kwano ɗaya yara sun sami abin ɗorawa a kan shinkafa, awaki sun sami dusa. Autata ta daina ɓoye kularta don ba tsoka a ciki, har ƙawayenta ke roƙon ta yanka guda.

Ƙanina da ke karatu a Samaru ya ce a Ingila akwai masu ƙin duk abin da ya fito daga dabba, nama da nono da ƙwai, har ƙungiya suka kafa tun 1944, kuma awarar nan da tsada suke sayen ta. Mu dai ba haramta wa kanmu muka yi ba, in Sallah ta zo za a gani. Amma na ji daɗi da na san abin da nake zuba wa yara yana gina jiki, ba cika ciki kawai ba.

Maganar kauɗa ma na ɗauka. Da tumatir ya yi arha a Kwanar Gafan, na yanka na shanya a kan tabarma, yanzu ba na fargabar tsadar damina.

Allah ya saka da alheri, Gwaggo, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan magabata. Zan aiko miki da kauɗa da albasar gonarmu. Ɗanwakena ne har yanzu yake narkewa a tukunya, in kin sami mai zuwa ki aiko mini da awon kuka da kanwa.