Daɓen Ɗakin Ɗinki a Ƙarƙashin Ƙasa

A jihar Minnesota ta Amurka, inda muke zaune, da wuya ka shiga gidan da ba shi da ɗaki a ƙarƙashinsa. Sanyi ne ya jawo haka. Da hunturu ƙasa kan daskare har can ciki, kuma in ta daskare kumbura take yi, ta ɗaga abin da aka ɗora mata. Shi ya sa dokar gini ta ce harsashi ya nutsa aƙalla inci 42 a kudancin jihar, inci 60 a arewacinta. Tun da an riga an yi haƙa mai zurfi, sai magina su ƙara kaɗan su fitar da ɗaki guda faɗin gidan. A nan ake girke injin ɗumama gida da tankin ruwan zafi da injin wanki. A nan ne kuma mata da yawa masu ɗinkin bargon ƙyallaye suke kafa wurin aikinsu, domin sana'a ce mai cin fili, ɗakunan sama ba sa ɗaukarta.

Bargon nan hawa uku ne. Na sama ƙananan ƙyallaye ne da aka yanka aka harhaɗa har suka ba da zane, na tsakiya auduga ce shimfiɗaɗɗiya, na ƙasa kuwa yadi ne, sannan a bi duka ukun da ɗinki. Na babban gado kan kai inci 90 a faɗi. A hannun wasu dattijan mata na unguwarmu na koya, da ragowar atamfa da shadda da nake tarawa na fara. Da aikin ya fi ƙarfin teburin cin abinci, muka yi shawara da maigida in sauka ƙasa da kekena. Abin da ya rage shi ne me za a shimfiɗa a kan simintin.

A kanti, kalar da kake so za a fara tambayarka. Ni kuwa abin da na koya shi ne akwai mai maganar da ya riga ka, wato simintin kansa. Ko ya shekara hamsin da zubawa bai daina shan ruwa ba. Yadda sabon tulu ke tsattsafo da ruwan cikinsa har bayansa ya yi sanyi, haka daɓen siminti ke jawo laimar ƙasar da yake kwance a kanta ya fito da ita sama, ba tare da an ga ɗigo ko ɗaya ba. Muddin a buɗe yake, iska na kwashe laimar ba a sani ba. Ranar da aka rufe shi da abin da iska ba ta ratsawa, ranar laimar za ta fara taruwa.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi. A yanki leda mai inci 18 a kowane gefe, a shimfiɗa a kan simintin, a liƙe bakinta kaf da salatif, a bar ta aƙalla awa 16. In an ɗaga aka ga raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu, to akwai ruwa. Na sa a tsakiyar ɗaki da gindin kowane bango. Ta tsakiya ta fito a bushe, ta kusurwar da ke ƙarƙashin indararo kuwa ta yi gumi, kuma a wurin ne dama nake ganin wani farin gishiri yana fitowa a jikin bango. Sai dai gwajin nan in ya ce akwai ruwa a yarda da shi, in ya ce babu kada a saki jiki. A watan Janairu, da ƙasa ke daskare, kusan kowane ɗaki bushewa zai nuna. Lokacin gaskiya shi ne Maris zuwa Afrilu da dusar ƙanƙara ke narkewa, ko Yuli da iska ke ɗauke da danshi. Mun jira lokacin ya zo, kuma ina ganin jiran nan ya fi duk abin da muka saya daga baya amfani.

Maganin laimar tamu a waje yake. Indararon rufi yana zubar da ruwansa a gindin gini, sai aka ƙara masa tsawo ya kai ruwan nesa, aka kuma ciko ƙasa ta gangara daga bango zuwa waje. Ƙa'idar gini a nan ita ce gangaren ya sauka inci 6 a ƙafa 10 na farko. A cikin ɗakin akwai ɗan rami a kusurwa da injin da ke zuƙe ruwa in ya taru, muka haɗa masa batir, domin hadarin da ke kawo ruwan shi ne dai ke ɗauke wuta.

Abu biyu kuma ba na son kowa ya tsallake. Na ɗaya iskar radon, wadda ke fitowa daga ƙasa ta tsagar siminti, ba ta da wari ba ta da launi, kuma bayan taba sigari ita ce ta fi haddasa kansar huhu a Amurka. Hukumar lafiya ta Minnesota ta ce wajen gida biyu cikin biyar a jihar na da ita fiye da kima. Mace mai ɗinki za ta wuni a ɗakin nan. A auna tun kafin a yi shimfiɗa, domin in ana buƙatar gyara sai an huda simintin an sa bututu an toshe tsagogi. Na biyu, tsofaffin gidaje kan zo da ƙananan tayil na roba masu inci 9, manne da baƙin gam. Da yawansu na ɗauke da asbesto. Kada a kankare su, kada a goge su da inji, a kira masu gwaji.

Zuciyata kafet ta so, ba zan ɓoye ba. Ɗakin akwai sanyi, mu kuma mutane ne masu cire takalmi a bakin ƙofa, masu zama a ƙasa, in lokacin salla ya yi mu shimfiɗa darduma inda muke. Amma wannan ɗabi'ar ce ta hana ni. Mai ɗinkin bargo na aiki da fil ɗari-ɗari, kuma ba a wuni ɗaya bai faɗi ba. A kan daɓe mai santsi fil kwanciya yake yi, ka bi da maganaɗisu ka tsince. A cikin gashin kafet kuwa nutsewa yake yi, wani lokaci tsininsa na kallon sama, yana jiran tafin ƙafar yaro ko gwiwar mai sujada. Ga guntayen zare da ke nannaɗewa a burushin injin shara. Sannan ga ruwa. Wata abokiyar ɗinkina injin raminta ya tsaya cikin dare ana ruwa, da safe muka taru taya ta. Kafet ɗin da soson da ke ƙarƙashinsa yanka su aka yi gunduwa-gunduwa ana hawa da su sama suna ɗiga, domin abin da ya jiƙa in bai bushe cikin awa 24 zuwa 48 ba funfuna ta kama shi. Yadukan da ta jera a kwalaye a ƙasa sun fi kafet ɗin ba ta baƙin ciki, har da ƙyallayen rigunan mahaifiyarta da ta daɗe tana adanawa.

Sauran kayan shimfiɗar ban daɗe a kansu ba. Katako tsantsa masu yinsa da kansu sun hana sa shi a ƙarƙashin ƙasa, bauɗewa yake yi. Laminet cikinsa garin katako ne da aka matse, in bakinsa ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. Akwai mai taushi da ɗumi da ake yi da ɓawon wani itace na ƙasar Fotugal, ƙafa na jin daɗinsa, amma ƙafar tebur na lotsa shi, kuma ba ya shiri da ruwa. Fenti a kan simintin tsurarsa shi ne mafi arha, kuma ga ɗan haya ban ga laifinsa ba, illa in akwai laima za ta turo shi ya ɓaɓɓare.

Tayil ne na tsaya na yi wa dogon tunani, domin ruwa ba ya yi masa komai. A Kano ko Zinder ba zan nemi wani abu ba, sanyin da yake riƙewa shi ake nema. A nan sanyin nan shi ne matsalar. Ban da haka, mai ɗinki na yawo a kan kujera mai taya tsakanin keke da teburin guga, kuma kowane layin da ke tsakanin tayil da tayil sai tayar ta yi tuntuɓe da shi. In ma'aunin roba mai tsada ya suɓuce ya faɗo, tsagewa zai yi.

Na ƙare a kan dangin ledar ɗakin da muka sani a gida, sai dai wannan mai kauri ce, an yanka ta falanki-falanki, kowane na kama bakin ɗan'uwansa ba tare da gam ba. A jikin kwalin an rubuta ruwa ba ya ɓata ta, kuma gaskiya ne, amma rabin maganar ke nan. Falankin ba zai ruɓe ba, ruwan da ya shiga ƙarƙashinsa kuwa yana nan kwance, duhu da rashin iska su yi masa aiki har wari ya taso. Don haka muka fara shimfiɗa wata roba mai ƙuraje-ƙuraje a ƙasa, wadda ke ɗaga daɓen kaɗan daga siminti, ta bar wa laima hanya, ta kuma rage sanyin da ke hawowa ƙafa. Na ƙi a sa gam da gangan. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko ba daɗe ko ba jima zai ga ruwa, in ba na sama ba to na fashewar bututu ko na tankin ruwan zafi. Ina son abin da za a iya ɗagawa a shanya a mayar. Saboda haka ma na sayi kwali ɗaya na ƙari na ajiye, domin kamfanoni kan daina yin kala ba sanarwa. Wajen saye a duba kaurin fatar sama, wadda ita ke shan gurzar taya. Mai rabin milimita ita ta dace da wurin aiki. A bar kuma tazarar rubu'in inci tsakanin falanki da bango, saboda yana miƙewa yana tsukewa.

Simintin irin wannan ɗaki ba a miƙe yake ba, da gangan ake karkata shi wajen magudana. Masu yin falankin sukan ce tudu da kwari kada su wuce kimanin milimita 5 a cikin mita 3, in ba haka ba haƙoran da ke riƙe da su za su karye. Kafintan da ya yi mana aiki ya bi ɗakin da dogon ƙarfe madaidaici yana zana alli, ya goge tudu ya cike kwari. Ga mai shirin sayen babban keken nan mai dogon hannu da ke tafiya a kan dogo mai ƙafa 10 ko 12, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ƙasa ta karkata, kan keken zai riƙa gangarawa da kansa ya ja ɗinki.

Zancen kala ya zo daga ƙarshe, amma shi ma aiki ne ya yanke shi. Ɗakin tagoginsa ƙanana ne a can sama, hasken fitila ake dogaro da shi, kuma daɓe na mayar da hasken nan kan yadi. Daɓe mai ja-ja kan sa fari ya yi kama da ruwan madara, ka haɗa ƙyalle biyu kana ganin sun dace, ka hau sama ka ga ba haka ba. Baƙi na shanye haske, kuma kowane silin farin zare sai ya fito a kansa. Mai zanen katako da yawa fil na ɓacewa a cikinsa, mai kaushi kuma ƙurar auduga na maƙalewa. Na ɗauki ruwan toka mai haske, mai santsi, wanda ba ya ƙyalli. Ba shi ne ya fi kyau a kantin ba, kuma na san wasu baƙi na ganin ɗakin ya yi fayau. Kwalliyar ɗakin na bar wa atamfofin da ke bango.

Da nake ba Inna labari ta waya, sai ta tuna mini da daɓen gidan kakarmu. Mata ne ke taruwa su zuba tsakuwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, suna yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi tauri ta yi sheƙi. Abin da ya tsaya mini a zancen nata shi ne masu yin daɓen su ne masu share shi, masu zama a kansa, masu sanin inda ruwa ke kwanciya da damina. A nan mai sayarwa bai taɓa durƙuso ya haɗa hawa ukun bargo ba. Ni ce zan liƙe yadin ƙasa da salatif ya miƙe, in shimfiɗa auduga, in rarrafa a kai ina soka fil kowane taƙi. Shi ya sa na karɓo samfur na kawo gida, na durƙusa a kai, na gwada ko salatif zai kama ya kuma saki ba tabo, na watsa fil na ga ko ido zai gan su da fitilar ɗakin.

Falankin roba a kan siminti ba shi da taushi, kada a ruɗi kowa. Yanka da guga a tsaye ake yinsu. Tun da kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙar nan mai zagayen taya a 1979, yankan ƙyalle ya bar cinya da almakashi ya koma kan tebur, mutum na tsaye yana dannawa. Na sa tabarmar roba mai kauri a gaban teburin yanka da gaban na guga, mai gangaren baki don kada a yi tuntuɓe, na bar sauran filin ga kujera. Da hunturu silifas mai tafin roba nake sawa.

Yadi kuwa ba ya taɓa ƙasa a ɗakina. Kantoci na ƙarfe ne masu ƙafa, hawan farko ya tashi sama da taƙi guda, abin da na fi ji da shi yana cikin robobi masu murfi. Akwai ɗan agogon auna danshi a bango, da na'urar tsotse danshi da ke aiki daga Mayu zuwa Satumba, don ya tsaya wajen kashi 50 cikin 100, kada ya haura 60. Duk shekara in dusar ƙanƙara ta fara narkewa nakan zuba bokitin ruwa a ramin kusurwa in tabbatar injin na tashi, sannan in cire katakon gindin bango a wajen da ledar gwaji ta taɓa yin gumi, in sa hannu in ji ko ƙarƙashin a bushe yake.