Kwalba Mai Famfo Ta Zo Beri Ba Da Shirin Zama Ba

Duk wani mazubi da ke cikin gidan Bahaushe an yi shi ne domin a cika, a juye, a sake cikawa. Randa da tulu da gora da ƙwarya, har zuwa butar roba wadda ta ture ta ƙarfe da ta ƙasa, babu ɗaya daga cikinsu da aka ƙera da niyyar a yar da shi ranar da abin da ke ciki ya ƙare. Buta ma ta fi su duka nuna wannan hali. Bakinta yana da faɗin da ruwa zai shiga ba sai da mazurari ba, hancinta yana ba da ruwa daidai gwargwadon karkatar hannu, kuma babu wani abu mai motsi a jikinta balle ya lalace. In cikinta ya yi gansakuka, sai a zuba yashi da ruwa a girgiza, a kife ta a rana, shi ke nan.

A 'yan shekarun nan wata baƙuwa ta shigo cikin wannan zuri'a, watau kwalbar roba mai famfo a ka, wadda ake dannawa ta tsarto sabulun ruwa a tafin hannu. Da can sai a manyan otal-otal da gidajen ma'aikata ake ganinta. Amma tun daga shekarar 2020, da cutar korona ta shigo Nijeriya aka umarci kowa da wanke hannu, sai ta bazu har ƙauyuka. Ba a gama da wannan ba sai ga annobar amai da gudawa ta 2021, wadda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ce ana zaton ta kama mutum fiye da 111,000, ta kuma kashe fiye da 3,600. Jihar Neja tana cikin jihohin da abin ya shafa. Daga nan bokiti mai famfo da kwalbar sabulu suka sami mazauni a ƙofar ɗakin shan magani da teburin mai shayi da rumfar mai tuwo.

A garin Beri na ƙasar Kontagora akwai wata mata da wannan baƙuwa ta zame wa hanyar abinci. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ita kuwa ta koyi haɗa sabulun ruwa a wajen wata 'yar'uwarta a Kontagora. Tana jiƙa soda, ta dama garin da ke sa kauri, ta zuba sinadarin kumfa da kala da turare da ɗan maganin hana lalacewa, ta tuƙa a babbar roba har hannu ya gaji, sa'an nan ta ɗura a jarka. Ranar kasuwa sai ta bi rumfuna tana cika wa masu abinci da masu aski kwalabensu. Kwalaben nan kuwa ba ita ta saya ba, ba su suka saya sababbi ba. Na man shafawa ne da na sabulun kanti waɗanda abin cikinsu ya ƙare a wani gida, suka biyo hannun 'yan gwangwan suka iso kasuwa.

Ciniki ya yi ta tafiya, sai ƙorafi ya fara. Wannan ya ce famfonsa ya daina tsotsa, wancan ya ce nasa ya nutse ya ƙi tasowa, wata ta ce nata sai a danna sau goma kafin ya ɗigo. Dukansu kuma sabulun suka ɗora wa laifi, domin shi ne suka biya kuɗinsa. Wasu suka koma sayen na kanti, wasu suka ajiye kwalbar a gefe suka bar masu cin abinci da ruwa zalla. Waɗanda suka rage sai suka gano wa kansu dabara: a ƙara ruwa a kan sabulun ya tsinke, famfo ya ja da sauƙi, kuma ya daɗe bai ƙare ba. Ga idon mai tuwo wannan riba biyu ce.

Da abin ya ishi matar nan, sai ta kwashi matattun kawunan famfo cikin leda ta kai wa wani saurayi mai gyaran injin feshi na goyo, irin wanda manoman yankin suke fesa maganin ciyawa da shi. Ta ce, "Malam, don Allah duba mini waɗannan, ko ciwon nasu mai magani ne." Shi kuwa ya juya ɗaya a hannu ya ce, "To, Inna, sai dai in fasa, don ban ga ta inda ake kwance shi ba."

Wannan magana tasa ita ce gindin al'amarin duka. Da ya sa wuƙa ya tsaga, abin da ya tarar a ciki ba baƙo ba ne a gare shi. Akwai wani ɗan bututu mai kama da sirinjin allura, a cikinsa fistin, a ƙarƙashin fistin sifirin, can ƙasa kuma ɗan ƙwallo wanda bai fi ƙwayar dawa ba, yana zaune a bakin siririn tiyon da ya sauka gindin kwalba. In aka danna kai, fistin ya sauka, ƙwallon ya toshe hanyar ƙasa, sabulun da ke cikin bututu ba shi da mafita sai sama, ya buɗe bawul na biyu ya fito ta hanci. In aka saki, sifirin ya tura fistin sama, bawul na sama ya rufe, ƙwallon ya ɗaga, sabon sabulu ya hau ya cika gurbi. Kowace dannawa tana ba da wajen mililita 2, watau ƙasa da rabin ƙaramin cokali. Akwai kuma wata 'yar kafa da iska ke shiga kwalbar ta maye gurbin abin da ya fita, in ba haka ba da kwalbar ta lotse. Haka injin feshi yake aiki, haka ma famfon tuƙa-tuƙa. Bambancin kawai shi ne waɗannan biyu suna da noti da za a kwance da kayan canji a kasuwa, wannan kuwa an matse sassansa cikin juna a masana'anta, matsi na har abada.

Ya nuna mata ciwon kowanne. Wani gudajin garin kauri ne da bai narke ba ya shiga ƙarƙashin ƙwallo ya hana shi zama. Wani sabulu ne ya bushe a hanci, ƙurar hunturu ta haɗu da shi ya zama kamar ƙaro. Waɗanda suka nutse kuwa sifirinsu ne ya yi tsatsa ya karye, musamman a kwalaben da aka taɓa zuba wa ruwan bilic, domin bilic da gishiri ba sa ga maciji da ƙarfe. Biyu daga cikin cututtukan nan uku da ruwan ɗumi kaɗai za a warkar da su, in da abin yana buɗuwa.

Mai karatu zai so ya san dalilin da ya sa aka yi shi haka. Sabulun ruwa tsohon abu ne; tun 1865 wani Ba'amurke mutumin New York, William Sheppard, ya yi rajistar irin nasa. Amma bai shiga gidaje sosai ba sai a 1980, lokacin da Robert Taylor, mai wani ƙaramin kamfani a Jihar Minnesota ta Amurka, ya fito da Softsoap cikin kwalba mai famfo. Taylor ya san manyan kamfanonin sabulu za su kwaikwaye shi su danne shi, sabo da haka ya yi odar kawunan famfo miliyan 100 a kan dala miliyan 12, kuɗin da ya fi ƙarfin kamfaninsa, domin kada abokan gasa su sami na sawa a kwalabensu har sai ya kafu. Dabarar ta ci, kuma a 1987 kamfanin Colgate-Palmolive ya sayi Softsoap. Abin lura a labarin nan shi ne, tun ran gini famfon ɗan rakiya ne. An yi shi ya raka sabulun kwalba ɗaya zuwa ƙarshensa, ya yi arha ƙwarai, sa'an nan a sayi wata. Ba wanda ya zana shi yana tunanin wata bazawara a Beri za ta cika shi sau hamsin.

Da a ce lalacewa ce kaɗai matsalar, da da sauƙi. Akwai wadda ta fi ta, ita kuwa ido ba ya ganinta. Jama'a suna ɗauka cewa sabulu ba ya ƙazanta tunda shi ne mai wanke ƙazanta, alhali wasu ƙwayoyin cuta suna rayuwa a cikinsa, su yi shimfiɗa mai yauƙi a bangon kwalba da cikin famfo. Abin da ke taka musu birki shi ne maganin hana lalacewa, shi kuwa an auna shi ne daidai sabulun. In mai tuwo ta ninka da ruwan jarka, ta rage ƙarfin maganin, ta kuma zuba duk abin da ruwan ya ɗauko. In aka ƙara sabon sabulu a kan saura, tsohon ya zama iri, kamar yadda ake barin ɗan kindirmo a ƙwarya domin madarar gobe ta kama. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ƙa'idojin tsabtar hannu da ta fitar a 2009, ta hana ƙara sabulu a kan mazubin da bai ƙare ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2011 ya sami gurɓata a kimanin kwalba ɗaya cikin huɗu na irin waɗanda ake ƙara wa sabulu a wuraren jama'a. Wani kuma na shekarar, a wata makarantar firamare, ya nuna waɗanda suka wanke hannu da gurɓataccen sabulu sun tashi da ƙwayoyi fiye da waɗanda suka zo da su, har ninki 26. Gaskiya ne akwai hannun wani kamfani mai sayar da sabulu a rufaffiyar leda cikin binciken nan, kuma kowa ya san mai kaya ba ya kushe kayansa. Amma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta riga shi fitowa. Kada kuma wani ya fake da wannan ya bar sabulu, domin hannun da ya fito bayan gida ya nufi akushi ba tare da sabulu ba ya fi kowace kwalba haɗari.

Maganin da Turawa suka zaɓa, watau rufaffiyar leda mai sabon famfo a kowane canji, ba na Beri ba ne. Ya fi ƙarfin aljihun mai tuwo, ya ƙara wa kwata shara, ya kuma kashe sana'ar matar nan kai tsaye. Abin da wuri irin wannan yake bukata shi ne mazubin da aka zana tun farko domin a sake cika shi. Bakinsa ya yi faɗin da soso zai shiga ya kai gindi, ba wuyan milimita 24 ko 28 da yawancin kwalaben nan suke da shi ba. Jikinsa ya zama ana hangen ciki. Famfon ya kwance da hannu gida uku ko huɗu, a wanke, a shanya, a mayar, sifirin kuma ya zauna inda sabulu ba ya taɓa shi, ko ya zama na roba, kamar wanda kamfanin Aptar ya fito da shi a 2021. Uwa uba, ƙwallo da zobe da sifirin su zama ana samunsu a faranti a kasuwa kamar kayan injin feshi.

Ba yau aka fara koyon wannan darasi ba. Cikin shekarun 1980, da aka ga famfunan tuƙa-tuƙa suna mutuwa a ƙauyukan Afirka don babu mai gyara, sai aka koma zana irin su Afridev, waɗanda mutanen gari za su iya kwancewa da sifana ɗaya. A Zimbabwe kuma wani likita, Jim Watt, da goran duma ya fara dabarar nan ta rataye mazubi a karkata shi a wanke hannu. Bokiti mai famfo da ke ƙofar asibitoci, sunan Veronica Bekoe ta Gana yake ɗauke da shi. Duka ukun daga duban hannun mai amfani aka zana su. Masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai a Kano da suke fitar da buta da bokiti, da ɗaliban injiniya na Bida da Minna masu neman aikin kammala karatu, ba su rasa abin da ake bukata ba. Wuyar aikin tana ga kuɗin sassaƙa mazubin ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki, kuma ba mai kashe wannan kuɗi sai ya tabbata akwai kasuwa.

Kafin ranar nan ta zo, abin da mai gyaran feshi ya iya yi wa matar kaɗan ne. Ya yanka mata ƙyallen tata domin ta tace sabulu kafin ta ɗura, ya ce kada ta yarda a zuba bilic a kwalbar sabulu, ya kuma ba ta shawarar kowane mai saye ya zama yana da kwalba biyu. Yanzu ranar kasuwa ba ta ƙara wa kowa a kan saura. Takan karɓi wadda ta ƙare ta ba da cikakkiya, ta tafi da waccan gida ta wanke da ruwan zafi, ta yi ta danna famfon cikin ruwa har ya fito fari, ta kife su a kan tabarma su wuni a rana. Ta kuma ɗan sassauta kaurin sabulun tun daga roba, da maganinsa daidai, domin kada wani ya ga dalilin ƙara ruwa.

Masu aski sun karɓi tsarin nan ba musu. Masu tuwo ne har yanzu ake ja da su, domin a ganinsu ɗan sauran da ke gindin kwalba kuɗinsu ne, kuma kwalba ta biyu wani kuɗin ne dabam. Cikin famfon kuma, inda sifirin da ƙwallo suke, yana nan a rufe. Rana ba ta kai wa can, soso ma haka. In ɗaya ya mutu, sai ta ɗauki kwalbar da kanta zuwa Kontagora ta yi ta gwada kawuna a rumfar 'yan gwangwan, domin wuyan wannan ba lalle ya hau murɗin wancan ba.