Masaga: Unguwar da kwalba ke komawa awarwaro

DUK wanda ya hau jirgin ruwa daga Yelwan Yauri ya nausa kudu a kan tafkin Kainji, ya bi ta gaɓar Ngaski, to a kan garuruwa ya ke tafiya. A 1968 aka kammala madatsar ruwan Kainji, ruwa ya cika, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga matsugunan su, ciki har da Gungawa mazauna tsibirai. Tsohon garin Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya gamu da ajalin sa a 1806, yau ya na ƙarƙashin ruwa. An gina wa mutanen sababbin gidaje, to amma tsohon gini ai ba ya hawa mota. Abin da ba a ɗauka a hoto ba, shi kenan ya tafi.

Can ƙasan kogin, a ƙasar Nufe, akwai wani wurin tarihi da ruwa bai ci ba, sai dai zamani na neman ya cinye shi. Wannan wuri shi ne unguwar Masaga da ke birnin Bida a Jihar Neja, inda ake ƙera gilashi da hannu.

Daga Yauri matafiyi zai bi ta Kontagora, ya gangara wajen Mokwa, ya karya gabas ta Kutigi, ya tsallaka kogin Kaduna a gadar Wuya, sai ga shi a Bida. Da ya ce Masaga, kowane ɗan acaɓa ya san wurin.

Wanda ya je da tunanin zai ga katafaren kamfani mai injina zai sha mamaki. Ɗakuna ne ƙanana, hayaƙi ya turnuƙe bangon su ya yi baƙi ƙirin. A tsakiyar ɗaki akwai murhun yumɓu, wani na gefe ya na zuga, wuta na huci, maƙeran sun kewaye ta a zaune, kowa da sandar ƙarfe a hannu. Za a ɗora fasasshiyar kwalba a bakin wuta har ta yi laushi kamar alewa. Sai maƙeri ya naɗo ta a kan sanda, ya yi ta juyawa ya na buɗa ta a hankali, kafin ka ce kwabo ta zama awarwaro, babu mahaɗi ko ɗaya a jikin sa. In tsakiya ake so, sai a naɗa gilashin ƙanana a kan siririn ƙarfe, a yi masa zane da wani launin. Launin kuwa daga kwalbar ya ke fitowa: koriya ta ba da kore, shuɗiya ta ba da shuɗi. Ba ma'auni, ba agogo, ido da hannu ne kawai ke aiki.

A cewar mutanen Masaga, kakannin su daga Misira su ka taso da wannan sana'a, su ka yi ta yada zango har su ka iso ƙasar Nufe. Bajamushen nan mai bincike, Leo Frobenius, ya tarar da su a bakin aiki da ya zo Bida a 1911. Shi ma masani S.F. Nadel ya yi bayanin ƙungiyar su a littafin sa na 1942 mai suna 'A Black Byzantium'.

Wani abin da mai karatu ya kamata ya sani shi ne, tun kafin kwalabe su yawaita, su da kan su su ke dafa gilashin su daga yashi da kanwa. Kwana da kwanaki ake yi ana ba tanderu itace ba dare ba rana, sannan a samu wani gilashi mai duhu da su ke kira 'bikini'. Da kwalba ta zama ruwan dare, sai aka ga ta fi sauƙi, aka daina dafa bikini, ilimin ya rage a kan 'yan dattawa kaɗan. Sai a 2019 aka sake gina tanderun aka dafa shi bayan shekaru masu yawa, da haɗin gwiwar marubuciya Lesley Lababidi. An ɗauki aikin a fim ɗin tarihi mai suna 'The Lost Legacy of Bida Bikini', wanda Remi Vaughan-Richards ta ba da umarni. Kun ga ranar kyamara kenan! A 2021 kuma hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen da su ka yi fice a sana'ar hannu.

A ƙasashen Turai, irin wannan wuri ba a barin sa ya rushe. A Wordsley da ke kusa da Stourbridge a Ingila akwai wani dogon ginin bulo mai siffar mazurari a kife, sunan sa Red House Cone. A ƙarshen ƙarni na 18 aka gina shi, aka yi ta narka gilashi a cikin sa har 1936. Da aiki ya tsaya ba a rusa shi ba, daga baya aka mayar da shi gidan tarihi, 'yan makaranta na zuwa su ga inda kakannin su su ka yi gumi. A tsibirin Murano na Italiya kuwa, tun 1861 su ke da gidan tarihin gilashi.

Bambancin shi ne, a Red House Cone tsohon tanderun ya daɗe da mutuwa kafin a killace ginin. A Masaga wuta na ci har yanzu, kuma da ita ake ciyar da iyali. Amma fa kasuwa ba ta da tausayi. Awarwaron roba da kayan ƙyale-ƙyalen da ake shigowa da su daga waje sun fi araha, itace ya yi tsada, ga zafin wuta wanda ba kowane saurayi zai iya jurewa ba. Sana'ar gado ce, uba ke koya wa ɗa, don haka duk dattijon da ya kwanta dama ba tare da ya bar magaji ba, da ilimin sa ake binne shi. Gini ana iya yi masa yaɓe bayan damina. Hannun da ya iya juya gilashi kuwa, in ya tafi, sai labari.

Saboda haka matashin da hanya ta kai shi Bida kada ya tsaya a tasha kawai. Ya ƙarasa Masaga, ya yi sallama, ya ce "sannun ku da aiki, Baba," ya nemi izini kafin ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. Sannan kada ya fita hannu rabbana: ya sayi awarwaro ko tsakiya ya kai wa ƙanwa ko budurwa tsaraba. Su kuma furodusoshin mu da ke yawon neman lokeshin, ga ɗaki da hasken wutar sa, ga labarin uba da ɗa a shirye, saura mai ɗauka.