Daga 'Yargoje Zuwa Zariya: Na Je Ganin Wutar Da Ba Ta Hayaƙi

A kakar 2024 na je 'Yargoje gaishe da gwaggona da yi wa dangi ta'aziyyar mutanen da aka rasa a harin watan Yuni na 2024. Na iske garin yana ƙoƙarin miƙewa. An shigo da dawa da masara, amma gonakin da ke kusa da daji ba kowa ya iya noma su ba. Da magariba ta yi sai duhu ya sauko gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne ƙarar injin niƙa mai shan man dizal, da ɗan ƙwan sola a shagon mai cajin waya, inda samari ke taruwa.

A wannan daren ɗan ƙanwata, wanda ke karatun kimiyyar fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello, ya ce mini: "Kawu, kana koya wa yara nukiliya a allo, amma ba ka taɓa ganin tukunyarta ba. Ga ta nan Zariya. Ajinmu zai kai ziyara, zan nema maka izini." Na amsa nan take, domin gani ya kori ji.

Ba mu yi sammako ba. A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, matafiyi yakan jira rana ta ɗaga, motoci su fara kai da komo, kafin ya hau hanya. Muka shiga wata tsohuwar mota da buhunan hatsi a bayanta, kowa na addu'a a zuci. Sai da muka kusa Funtuwa harsuna suka saki. Hirar duk ta wuta ce, domin ba a daɗe da fita daga duhun watan Oktoba ba, lokacin da aka lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwana da kwanaki babu lantarki. Wani mai walda ya ce jarinsa ya ƙare a kuɗin fetur. Wata mata ta ce a asibitin da ta kai 'yarta haihuwa, da fitilar waya aka karɓi jaririn.

Wani dattijo a kujerar gaba ya ji muna ambaton nukiliya, sai ya waiwayo. "Samari, ni na yi cirani a Arlit," in ji shi. "Na ga manyan motoci suna fita da abin da ake haƙowa, mu kuwa muna kwana da aci-balbal." Maganarsa na da tushe. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta Nijar, Faransa kuma, wadda aka daɗe ana kai wa shi, na samun kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya, alhali a Nijar kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Tun a motar na fara gane cewa mallakar dutsen daban, mallakar hasken daban.

Daga Funtuwa muka bi ta Giwa da Shika, muka sauka Samaru bayan la'asar. Washegari muka bi ayarin ɗalibai zuwa Cibiyar Bincike da Horo Kan Makamashi ta jami'ar. Tun daga ƙofa na ga tsarin da ban saba gani ba. An rubuta sunan kowa, an duba takardar izini, an karanta mana dokoki. Ma'aikatan suna saƙale da 'yan na'urorin auna yawan hasken radiyeshon da jikinsu ya ɗauka. Ba wanda ya ce "ai ba komai".

Na zaci zan ga wani dodon ƙarfe mai ruri. Abin da na gani shi ne ɗaki mai tsabta da rijiyar ruwa garai-garai, shiru kamar masallaci bayan isha. Can ƙasan ruwan zuciyar tukunyar take, girmanta bai wuce na bokiti ba. Sunanta NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin ce, ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kimanin kilowat 30, wato zafin dutsen guga kamar talatin. Ba ta ba ko ƙwan fitila ɗaya wuta. Aikinta bincike da horo. Ana tura samfurin ƙasa ko ma'adini ko hatsi cikin 'yar kwalba ta bututun iska, a fito da shi a karanta sinadaran da ke ciki. Nan na tuna farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara. Irin wannan na'ura ce ke iya faɗa wa mai ita hakikanin darajar abin da yake sayarwa da araha.

Malamin da ya zagaya da mu ya sauƙaƙa bayanin. Ƙwayar zarrar yuraniyom ke tsagewa, ta saki zafi, ɓarɓashinta ya tsaga na kusa da ita, abin ya yi ta bin juna. Sandar da ke shanye ɓarɓashin ita ce linzami: a sauke ta wutar ta lafa, a ɗaga ta ta tashi. A babbar tasha, zafin ke tafasa ruwa, tururi ya juya injin, lantarki ya fito dare da rana, ba hayaƙi, ba jiran damina ta cika dam, har tsawon shekara sittin. Ya kuma ba mu labarin 2018, lokacin da aka cire tsohon makamashin mai ƙarfin da za a iya karkatarwa zuwa makami, aka mayar da shi Sin, aka sa mai sauƙi. Shekara ashirin 'ya'yanmu na riƙe da wannan amana. Wallahi na ji alfahari ya cika mini ƙirji.

Da dare, a kan tabarma a ɗakin ɗan ƙanwata, muka buɗe lissafi. Najeriya ta kafa dokar Hukumar Makamashin Nukiliya tun 1976. An ware Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, an sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, amma har yau ba a aza tubali ba. A duk Afirka tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu ce kaɗai ke ba da wuta, tun 1984. Masar ta fara gina El Dabaa a 2022, tukwane huɗu masu megawat 4,800, da bashin dala biliyan 25 daga Rasha.

"Kawu, wannan tasha ɗaya ta kai duk abin da muke rabawa mutum fiye da miliyan 200," in ji shi, idonsa na ƙyalli.

Na ce masa nan matsalar take. Layin da ke ɗaukar megawat 4,000 zuwa 5,000 yana faɗuwa sau da yawa a shekara, yaya zai yi in tukunya ɗaya mai megawat 1,200 ta tsaya farat ɗaya? Tukunyar kanta tana buƙatar wuta daga waje don sanyaya cikinta bayan an kashe ta, kuma rashin wannan ne ya jawo bala'in Fukushima a 2011. Sannan ga tokarta, wadda za a tsare shekaru dubbai. Sai babbar tambaya: wutar da aka haifa a Geregu, ta wace hanya za ta iso 'Yargoje? Ta dazukan nan ne da aka kasa tsare turakunsu.

Ba ƙin nukiliya nake ba. Ƙasa mai yawan jama'a irin tamu ba za ta narka ƙarfe ko ta farfaɗo da masaƙu da janareta ba, kuma ina fatan jikokina su ga ranar. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Tsaron hanya, gyaran layi, hukumar sa ido wadda babu mai iya tanƙwara ta, da dubban yara masu ilimi, su ne harsashin ginin. Abin da na gani a Zariya ya nuna mini muna iyawa, in aka bar doka ta yi aiki. Kafin nan, rana tana dukan rufin kowane asibiti da makaranta a ƙasar Katsina kyauta, kuma farantan sola ba sa jiran shekara goma.

Na koma 'Yargoje kafin la'asar ta yi sanyi. Gwaggo ta tare ni a zaure: "Ɗan nan, ka gano wutar?" Na ce na gano ta, tana ƙarƙashin ruwa, ana tsaron ta kamar jariri. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah Ya sa a tsare mu kamar yadda ake tsaron ta."

Bayan isha na leƙa shagon mai caji. Wasu yara uku sun baje littattafai a ƙarƙashin ƙwan solar, suna bitar lissafi. Na zauna a gefensu, na ari fensir, na zana musu tukunya da tururi da injin da ke juyawa. Ƙaraminsu ya tambaye ni wane ne ke riƙe da linzamin. Na ce masa mutane ne irinsa, waɗanda suka samu damar gama makaranta lafiya.